Azumin da Ya Cinye Ƙafata ta Dama

Salama gare ku, 'yan'uwa. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu sun fara tambayar matata ko Istifanus tela ya mutu. Bai mutu duka ba. Wani yanki ne kawai ya yi gaba.

Abin ya fara da ƙishirwa. A shagona da ke bayan kasuwar Grand Marché sai in shanye jarka guda, in yi ta zaryar bayan gida. Matata Saratu ce ta lura tururuwa na taruwa inda na yi fitsari. Ta ja ni asibiti, wanda mutanen nan ke ce wa labtan. Suka huda yatsa, suka ce ciwon suga ne. Ƙwaya safe da yamma, ban da shayi mai zaƙi.

Sai azumin Ista ya zo, a tsakiyar zafin Njamena. Mu a zumuntar maza ta cocinmu mun taso cikin maƙwabta Musulmi, ba ma so a ce azuminmu na wasa ne. Saboda haka ba ci, ba ruwa, har rana ta faɗi. Na tambayi shugabanmu, Dattijo Bulus, batun ƙwayata.

Ya ce, "Duk abin da ya wuce maƙogwaro abinci ne. Allah farko, likita daga baya."

Ni da na tsaya a aji huɗu, wa zan yi wa gardama? Na ajiye ƙwayar gaba ɗaya, don a ga bangaskiya.

Wata rana na cire takalmi na tarar da allurar keke a tafin ƙafata ta dama, wadda nake taka keken ɗinki da ita. Ban ma ji shigarta ba. Wurin ya kumbura, ya yi baƙi. 'Yan zumunta suka zo gidana a Gassi, suka shafa mai, suka ɗora hannu. Da warin ya yi ƙarfi, sai suka koma yin addu'ar daga tsakar gida.

'Yata Laraba ta daina shigowa ɗakin. Ban ga laifinta ba. Ni ma da da hali da na fita na bar ƙafar.

Maƙwabcin shagona, Alhaji Sale mai yadi, shi ya zo ya toshe hanci ya ce, "Istifanus, mu da kuke kwaikwayo, marar lafiya an ɗauke masa azumi. Kai wa ya aike ka?" Ya sa ni a mota.

Likita ya buɗe tsumman, ya rufe. Ya ce, "Wannan ba ƙafa ba ce, gawa kake yawo da ita. Ko mu cire ta ƙasa da gwiwa, ko ta tafi da kai."

Na ce, "Dokta, da ita nake ciyar da yara."

Ya ce, "Da ka tuna da haka tun tana da rai."

A labtan komai sai ka saya, har safar hannun da za a taɓa ka da ita. Kullum sabuwar takardar magani. Saratu ta sayar da zannuwan aurenta. Ina kwance ina jiran wuƙa, wata mata ta zo har bakin gado tana tambayar ɗinkinta na Ista. Ta ce in ba zan tashi ba, in faɗi inda na ajiye yadin.

Dattijo Bulus ma ya zo. Ya tsaya nesa da gadon ya ce, "Ɗan'uwa, ka bincika kanka. Allah ba ya taɓa ƙafa a banza." Daga baya na ji an yanke hukunci a zumunta: wai ina rage yadin mutane, shi ya sa aka kama ƙafar da ke taka keken.

Bayan aiki suka miƙa wa Saratu ƙafar a kwali, wai mu binne kayanmu. Ta kira 'yan zumunta, kowa yana da uzuri. Alhaji Sale ne ya ɗaure kwalin a bayan babur ya kai wajen maƙabartar Lamadji ya binne. Shekaru ina neman fili a garin nan ban samu ba, ƙafata ta samu.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ƙafar da babu ita ta riƙa yi mini ƙaiƙayi, in kai hannu in sosa katifa. Saratu ta ce, "Baban Laraba, ka gama kukan ka koya wa ta hagu aiki. Yara ba sa cin hawaye."

Ta hagu ta koya. Ɗinkin farko ya fito kamar hanyar maciji, amma yanzu ana biya.

Ranar da na koma coci da sanda, Dattijo ya ce in ba da shaida yadda azumi ya cece ni daga mutuwa. Na tashi, na ɗaga ƙafar wando, na bar su suka kalla sosai. Na ce, "Ga shaidar." Ba wanda ya ce amin.

Ban bar Allah ba, kuma bai bar ni ba. Kowace safiya addu'a farko, sai karatun Maganarsa, sai allurar suga da ta maye gurbin ƙwaya, sai abinci. Ban ga inda ɗaya ya ture ɗaya ba. Azumina yanzu na shayi mai zaƙi ne da gulma, kuma na gulmar ya fi wuya.

Na gode wa Ubangiji, da Saratu, da Alhaji Sale, da likitan nan marar daɗin baki.

Mai ciwon suga, kafin ka shiga azumi ka tambayi likita, kada ka ajiye magani don wani ya yabe ka. Ka duba tafin ƙafarka kullum, ko da madubi. Ciwo ya ƙi warkewa, a yi addu'ar a cikin mota, ana tafiya labtan.

Wanda kuma aka yanke wa ta hagu, in lambarsa arba'in da biyu ce, ya neme ni mu riƙa sayen takalmi tare.