Itatuwan Ya Modu

Asabar ta farko bayan Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, na raka yayana Modu tashar mota ina ɗauke da jakarsa a ka. Rana ta take, inuwar dogon yaron da ke bakin tasha ta cika da masu rakiya da masu tallar ruwan leda. Fatakwal zai tafi neman aiki, wajen wani mutum da ya ce ana ɗaukar masu dako a bakin ruwa. Da kwandasta ya fara kiran fasinja, sai ya zaro tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi ya ɗora min a hannu. Shi ya sayi wata ta hannu, wannan kuma ya saka mata sabon layi ya bar mana. Ya buɗe wani gem na noma da yake yi, ya nuna min gonarsa, ya nuna min wata ƙarama kusa da ita wadda ya buɗe da sunana. "Kyari, katin kira tsada gare shi," in ji shi. "Ka riƙa shayar min da itatuwan nan. In na ga sun sha ruwa, na san kuna lafiya. In ka ga na gode maka, ka ce wa Mama ina nan." Mota ta tashi, na dawo Gomari a ƙafa, wayar tana cikin aljihuna, hannuna yana kanta.

Kafin nan a Dusuman muke, kuma gonar gaske gare mu. Gero da wake da gyaɗa, da ɗan fegin kuɓewa da yakuwa na Mama a bayan gida. Aikina shi ne korar tsuntsaye. Ya Modu yakan ɗaure gwangwanayen madara a igiya daga wannan bakin gona zuwa wancan, ni kuma in hau rumfar kara in riƙa ja ina ihu har muryata ta dushe. Da yamma mu yi langa a fili, ko ƙwallon tsumma, ko mu bi ƙadangaru da danƙo. Ban taɓa neman abokin wasa ba, domin duk yaron da ke unguwar tare muka tashi. Sai Baba ya rasu, sannan zama a wajen gari ya gagara saboda rashin tsaro, muka kwaso abin da keke zai iya ɗauka muka shigo Gomari, ɗaki ɗaya a gidan haya mai mutane da yawa.

A Gomari ban san kowa ba. Yaran ajinmu sun riga sun ƙulla abotarsu tun firamare, kuma Hausata a lokacin tana da nauyin Barbarci, in na buɗe baki sai a kwaikwaye ni. Lokacin tara nakan zauna a gindin katanga ina cin gyaɗa, ina kallon ƙwallon da ba a sa ni a ciki ba. In an tashi, in wuce burtsatse da jarkoki biyu, in kai niƙa, in sayo gawayi, sannan in zauna kusa da Mama mu yi ɗinkin hula. Ita take yin zanen mai wuya, ni in cike gurabe. Daga abin da take ba ni nake sayen data mafi ƙanƙanta da kuma biyan caji a shagon Oga Chidi, wani Inyamuri da ya daɗe a garin har yana gaisawa da Barbarci. Benci ɗaya ne a shagon, kusa da janareta, kuma nan ne gonata take buɗewa.

A cikin gem ɗin komai sai da sulalla: iri, rumbu, dabba, har bokitin ruwan da za ka shayar da itacen maƙwabci. Masu hali suna saye da kuɗin gaske. Ni ba ni da shi, saboda haka na bi duk wata ƙofa da gem ɗin ya buɗe da kansa. Akwai kyautar kullum, wadda take ƙaruwa in ba ka yi fashi ba, kuma in ka tsallake rana ta koma farko. Akwai motar da take zuwa da oda, ka cika mata masara da madara da ƙwai ta biya ka. Akwai talla, ka kalle ta har ƙarshe a ba ka ɗan wani abu. Na kalli tallar motoci da takalma na ƙasashen da ban san sunansu ba, ina lura da wadda ba ta cin data sosai. Akwai gasar mako, akwai ladan taimakon maƙwabta. Sai kuma ƙofa ɗaya da ta fi duka tsoka: ka gayyato aboki ya buɗe gona ta hanyarka, a ba ka tuli. Kullum tana nan a kusurwa tana ƙyalli. Ban taɓa danna ta ba, don ba ni da wanda zan gayyata.

Mama ba ta iya karatun boko ba, amma ta ɗauki gonar nan da gaske. Wata rana ta leƙa ta ga ina zuba duk abin da na girbe a kasuwar gem ɗin, sai ta buge min hannu. "Wa ya koya maka sayar da hatsi ranar girbi? Babanku bai taɓa yi ba." Na yi dariya, amma na gwada. Ashe kasuwar mutane ne na gaske daga ko'ina a duniya, kuma halinsu ɗaya da na 'yan kasuwar hatsi. Ranar da aka sa gasar burodi kowa alkama yake nema, ranar da aka gama kowa zubar da ita yake yi. Na faɗaɗa rumbu kafin in sayi komai na ado, na riƙa saye in kaya sun yi arha, in ajiye, in fitar in an matsu. A nan na fara dillanci, a kan bencin Oga Chidi, kunnena cike da ƙarar janareta. In na dawo gida kuwa tambayar Mama ɗaya ce, tun kafin in cire takalmi: "Ya gode?" In ce ya gode. Sai ta ce alhamdu lillahi ta ci gaba da ɗinkinta.

Bayan damina ta biyu, godiyar ta tsaya. Na shayar, na dawo washegari, babu alamar ya shigo. Muka kira lambarsa, a kashe. Muka nemi mutumin da ya kai shi, aka ce ya koma wani gari. Hatsin gonarsa ya nuna ya tsaya ba mai girbewa, shanunsa suka yi cirko-cirko, itatuwan lemonsa suka fara yaushi ɗaya bayan ɗaya. Da can shi yake shayar da mafi yawansu, ni in taimaka da biyu ko uku. Yanzu duka suka dawo kaina, kuma gonarsa ta ninka tawa. Duk abin da na samu daga oda da talla da kasuwa, a bokitin ruwa yake ƙarewa. Gonata ta daina girma. Amma na ƙudurta cewa duk ranar da ya buɗe, ko daga ina ne, sai ya tarar da su kore.

A lokacin ne Babagana ya zauna kusa da ni a karo na farko. Ɗan ajinmu ne, shi yake zaɓen 'yan ƙwallo. Ashe su ma sun kama gem ɗin. Ya leƙa wayata ya kwashe da dariya. "Kai Dusuman, har a waya ma wahalar gona kake sha?" Ya nuna min tasa: sulalla har lambobin sun cika layi, gidan gona kamar na gwamna. Wani ne a unguwar Hausari yake saka musu manhajar da aka yi wa kutse. Ya ce gobe za su koma, in ina so in biyo su, har ma in shiga rukuninsu. Shekara guda da wani abu ina jiran wani ya ce min in biyo shi.

Na kwana biyu ina juya maganar. Ba zan ce tsoron Allah kaɗai ya riƙe ni ba, lissafi na yi. Kamfanin da yake sayar da sulalla ba zai zuba ido ana buga su kyauta ba. Ranar da ya rufe gonar Babagana, Babagana ya yi asarar abin wasa. Ranar da ya rufe tawa, Ya Modu zai buɗe ya ga babu maƙwabci, kuma wannan ce kaɗai hanyar da ta rage tsakaninmu. Na ce masa a'a. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To, manomi, Allah ya ba da damina." Daga nan aka laƙaba min Manomi, kuma ba a sake kirana ko'ina ba.

Ba a daɗe ba aka rufe gonakinsu gaba ɗaya. Ba su ma damu ba, suka koma wani gem na harbi, suna ihu tare a bayan aji. Ni na ci gaba da bencina. Abin da ya fi min ciwo shi ne Mama ta daina tambaya. In na shigo sai ta dubi fuskata kawai, ta mayar da ido kan allura. Rani ya zo ya wuce. Akwai ranakun da kuɗin caji da na data ba sa haɗuwa, sai Oga Chidi ya karɓi wayar ya jona kyauta, wani lokaci ya ce, "Je ka ba itacen ɗan'uwanka ruwa."

Wata Laraba bayan azahar na buɗe, sai na ga an girbe hatsin gonar Ya Modu. Na ɗauka idona ne. Na koma tawa, ga alamar godiya a bakin ƙofa, ga saƙo a ƙasanta: lambar waya, da kalmomi kaɗan. "Kyari, ni ne. Ku kira." Ba ni da katin kira, sai Oga Chidi ya miƙo min tasa wayar, na ruga da ita gida ba takalmi. Ashe wayar Ya Modu ce ta faɗa ruwa suna sauke kaya, lambarmu kuma a cikinta kawai take, bai taɓa haddace ta ba. Daga baya ciwo ya kwantar da shi wata da watanni. Da ya miƙe ya ari wayar wani, sunan gonarsa da kalmar sirri ne kaɗai abin da ya rage a kansa. Ya ce da ya ga lemon nan kore shar, sai ya zauna a ƙasa. Mama ta riƙe wayar da hannu biyu tana ta kiran sunansa.

Yau ina da shagon waya nawa, ina saye ina sayarwa, kuma har yanzu ba na sayar da kaya ranar da kowa yake sayarwa. Yara suna shigowa su tambaye ni ko ina saka manhajar sulalla kyauta. Nakan ce musu a'a, in nuna musu kyautar kullum da oda da gasa da kasuwa, wasu su saurara, wasu su wuce shago na gaba. Gem ɗin nan kamfanin ya rufe shi tuntuni, da gonata da tasa duk sun tafi rana ɗaya. Gonarmu ta Dusuman an yanka ta filoti-filoti, an yi gini. Mama ta rasu. Ya Modu ya yi aure can, yana da 'ya'ya masu jin Turanci fiye da Barbarci. Lambarsa tana cikin duk wayoyina, na kuma haddace ta, katin kira bai fi ƙarfina ba, amma sai Sallah muke gaisawa, mu tambayi iyali, mu ajiye. A wancan lokacin da ba ni da komai, kullum sai na leƙa wajensa. Yanzu ba shi da itacen da zan shayar.