Ɗan Sanya da Injin Markaɗena

Ɗana ya so ya kwance mini injin markaɗe ya yi jirgin sama da shi, kuma har yau ban yafe wa malamin da ya cusa masa wannan abu a ka ba. Kada kowa ya zo mini da wa'azi. Injin nan shi ke ci da mutum tara a ɗaki biyun da muka raɓe a Safana, tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga Babban Duhu. Ba gona, ba saniya, ko akuya babu. Matan unguwa su kawo wake da tattasai da jiƙaƙƙen gero, in markaɗa, mu ci. Ranar da injin bai yi kuka ba, tukunya ba ta hawa murhu.

Malam Bashir ake ce wa malamin. Daga birni aka turo shi, shi ke koyar da mu a ajin manya. Ba zan ci haƙƙinsa ba, a hannunsa na iya riƙe biro ina da jikoki, da abin da ya koya mini nake rubuta wannan. Amma mutum ne mai son nuna abin mamaki a waya. Ya kai babur ɗinsa gyara wurin Hamisu, ɗana bakanike, sai ya nuna masa wani abu da aka ƙera a ƙasashen waje: fiffike ɗaya tal, yana juyi a iska, wai nan gaba kowa zai mallaki nasa ya hau shi kaɗai. Hamisu na gani ya ce ai wannan ɗan sanya ne. Gaskiyarsa. Sanya, wadda wasu ke kira uwar magunguna, ɗanta ƙwallo ne guda da fiffike guda. In ya bushe ya tsinko ba ya faɗuwa tim, sai ya yi ta katantanwa a iska.

Wata biyu Hamisu yana tara kwanon rufi da bututun ƙarfe da boris a bayan ɗaki, na zuba masa ido. Sai wata magariba na fito alwala na tarar da shi tsugune gindin injina, sifana a hannu, noti biyu a ƙasa.

Na ce, "Me kake yi a gindin abincina?"

"Aro ne, Inna. Kwana uku kacal."

"Ka kai shi gidan uban wa?"

"Kan dutsen bayan gari. Inna, in abin nan ya tashi, kafin kunu ya huce kina Batsari. Ba mai tare mutum a sama. Ba kya son ganin jaririn Yaya Rabi?"

Ya san inda zai taɓa ni. Rabi 'yata ce, tana aure a Batsari, ta haihu ban je wanka ba, ban je suna ba, saboda hanya. Na maka masa buta a hannu, na kwashe notikan na ƙulle a bakin zane. Tuwon ma ranar ban iya ci ba. Ina zaune gaban murhu wuta na cin kara, sai ga muryar Kaka Indo a kunnena, kamar ba shekara arba'in da wani abu take a ƙasa ba.

Kaka Indo ita ta haifi ubana. Saiwa take haƙa ta sayar, ɗakinta kullum ƙamshin saiwar sanya yake, irin ƙamshin man zafi. Bayan an gama kaka, sanyi ya sauko, sai a hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta da an idar da lisha. Mu goma sha wani abu muke kewaye ta, ƙafafu duk faso, gabanmu na gasuwa bayanmu na daskarewa. Kana jin shanu suna tuƙa a bayan danga. A lokacin asabari ne kawai a ƙofar ɗaki, kura kaɗai ake tsoro.

Ba tsohuwa ce mai lallashi ba. Tatsuniyarta da aiki ake saye: kowa da ƙwaryar gyaɗa zai ɓare, in hannu ɗaya ya tsaya, bakinta ya tsaya. Amma takan binne dankali a toka tun da yamma ta yi kamar ta manta, sai tsakiyar labari ta tono ta ɓantara wa kowa, tana zaginmu da kwaɗayi. In za ta fara takan ce, "Ku matso ta iso. Wanda ya yi tusa ya tahi wajen uwarsa." Mu ce ta shigo muna ji.

Daren da nake tunawa, labarin Bawa ta ba mu, ɗan wata tsohuwa mai rumbu ɗaya. Bawa ya tsani taka ƙasa, ya ce tafiya a ƙasa ta jakuna ce. Ya je wa shamuwa ta ba shi aron fiffike, ta ce tafiya ke gabanta. Ya je wa ungulu, ta ce sai ya fara cin abin da take ci. Daga ƙarshe ya durƙusa gaban sanya. A nan Kaka takan shaƙe murya ta zama itace: "Ni fiffike guda nike ba ɗiyana. Kuma ban tada kowa daga ƙasa, sai ya hau da ƙafarsa." Bawa ya ce ina 'ya'yan naki ke zuwa? Ta ce inda iska ta ga dama. Bai tsaya jin sauran ba.

Ya nemi abu marar nauyi mai faɗi, bai samu ba sai jinkar rumbun uwarsa. Bazara ce, hadari ya fara leƙowa. Ya jira ta tafi rijiya, ya sauke jinkar, ya farke ta, ya shimfiɗa a kan gora, ya ɗaure a baya. Ya hau dutse tun hantsi, bai kai ƙololuwa ba sai la'asar. Ya yi tsalle. Daidai nan Kaka ta zaro ɗan sanya daga ƙasan tabarma ta sake shi sama da kanmu, muka bi shi da ido yana juyawa cikin hasken wuta har ya sauka a cinyar wani. "Haka Bawa ya yi," in ji ta. "Gabas ta zama yamma, yamma ta zama gabas, furar da ya sha ta riga shi isowa ƙasa." Ya dira a wata gonar gyaɗa, ya miƙe yana tangaɗi, ya ga wani dattijo ya ce, Baba, wane gari ne wannan? Dattijon ya ce, garin ubanka ne, ga bayan ɗakinku nan. Tun daga ranar Bawa bai sake miƙe hanya ba, in aka aike shi rijiya sai ya yini yana kewaya gida.

Muka yi dariya har gyaɗa ta zube. Ƙanena ya tashi yana kwaikwayon tafiyar Bawa ya kusa faɗawa wuta. Kaka ta bari muka gama, sannan ta ce a daren nan aka kwana ana ruwa, kuma rumbu a buɗe yake.

"Kun gama washe haƙora? To wa ya tambaye ni mi uwar ta ci daminar nan?"

Muka ce, "Mi ta ci, Kaka?"

"Tafasa da rama. Ku tashi ku ba ni wuri."

Na girma ina ɗaukar labarin nan na Bawa ne. Ni ma na ba 'ya'yana shi, Hamisu ya fi kowa dariya. Sai da na ji notikan nan suna taɓa cinyata ta cikin zane na gane a ina nake tsaye a labarin. Tsohuwar ko suna Kaka ba ta ba ta ba. Haka masu rumbu suke, ba a tuna su sai an tashi neman abin yin fiffike.

Ba jahilci ke magana a bakina ba. Mako guda kafin wannan magariba na tsare Malam Bashir a aji, gaban mata. Na ce ya nuna mini abin. Na gani, yana tashi kuwa, amma bai fi faifai ba. Ya nuna mini wani hoton kuma, na babba. Na ce, "Malam, mutumin da ke zaune ciki a ɗaya hoton fa?" Ya ce zane ne. Na ce, "To ɗan Adam mai jini ya taɓa hawa?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Tukuna dai, Baba, ana kan bincike." Na ce in fiffiken na juyawa, mahayin fa? Ya ce za a ɗora kujerar a kan boris don ta tsaya cik. Boris! Wanda yashi ke cinye mini a inji duk bayan 'yan watanni. Injin nan ƙarti biyu ke ɗaga shi suna nishi, shi ne zai ɗaga kansa, ya ɗaga kwano da ƙarfe, ya ɗaga Hamisu? Ban ce har abada ba za a yi ba. Masu masana'antu su yi ta yi, su fasa ɗari su ƙera wani, injinsu ba ya ci da kowa. Sanya ma dubu take saki don ɗaya ya tsiro, sauran akuya ta cinye, ba ta ko waiwaye. Ni bakwai na haifa, uku suka rage.

Abu ɗaya Kaka ba ta faɗa mana ba: abin da ya sa Bawa ya tsani ƙasa. Na Hamisu na sani. Shi ya ɗauko gawar ubansa a amalanke daga bakin hanya, yana da shekara ashirin. Wanda ya ga haka, in ya ce ba ya son sake taka hanyar nan, ba hauka yake ba. Shi ya sa fushina bai tsaya kan malami ba. Yana kan waɗanda suka bar hanyar mutane a hannun ɓarayi, su kuma in za su wuce sai a jirgi mai saukar ungulu, muna jin ƙararsu muna ɗaga kai. Sun mai da ɗana mai hankali yana neman hanyar gidan yayarsa a wurin itace. Allah ya isa. Amma Allah ya isan nan ba za ta dafa wa jikokina tuwo ba, kuma na san ɗan da na haifa. Notika na ƙwace, sifana na hannunsa.

Da asuba na sallame salla na mayar da notikan da hannu, na fara markaɗa wa masu ƙosai, don kada su kwana da ni a rai. Sannan na buga ƙofar Idi magini, maƙwabcinmu, wanda na san yana da ragowar siminti. Ya zo ya duba, na ce ya haƙa rami a zaunar da injin, a zuba kankare har ya rufe ƙafafu da notika gaba ɗaya. Ya ce, "Gwaggo, kwana biyu fa ba za ki tashe shi ba." Na ce mun sha kwana biyu da ruwan kunu, ba mu mutu ba.

Na tada Hamisu na miƙa masa shebur. Ya dubi ramin, ya dube ni.

"Inna, in bel ya saki ba yadda za a matsar da shi. In ya lalace sai an fasa."

"Sai a fasa. Ƙarar guduma za ta tashe ni ko barcin mutuwa nake."

Ya hau gauraya yashi da siminti, gumi na bin wuyansa. Can ya tsaya, bai ɗago kai ba, ya ce, "To kin kafe inji. Hanyar fa, Inna? Yaushe za ki ga jikan naki?"

Ban yi masa alkawarin ƙarya ba. Na tura masa bokitin da ƙafa na ce, "Zuba ruwa, yana bushewa."