Idona Na Ƙiftawa Ba Da Izinina Ba

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu na tambayar yarana ko na bar sayar da atamfa. Ina nan. Bakina ne ya karkace, na ɓuya.

Wajen alwalar azahar abin ya fara. Na kuskure baki, ruwan ya tsiyayo ta gefen dama ya jiƙa mini riga. Idon dama kuma ya ƙi rufuwa.

A gida aka ce iska ce, aka shiga hayaƙi da shafe-shafe. Na biye, don ɗan ƙanena Nasiru ya taɓa yin irinsa yana saurayi, ya warke sarai kafin wata ya zagayo. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, "Awa na Nasiru ne, kwana kaɗan za shi wuce."

Bai wuce ba. Sai da idon ya yi ja kamar gauta aka kai ni asibiti Sakkwato. Aka auna jini da sukari, aka ce in ɗaga gira, in hura kumatu. Na kasa.

Likitan ya ce, "Baba, ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, jijiyar fuska ce ta kumbura. Amma kun makara da maganin farko. Kuma jijiyar mai shekara hamsin da takwas ba ta farfaɗowa kamar ta matashi."

Maganar ta ƙona mini rai. Ciwo ɗaya, gida ɗaya, amma ni an ce shekaruna ne.

Watanni na yi ina ɗiga magani, ina manne ido da filasta in zan kwanta, ina zaryar Tambuwal zuwa Sakkwato wajen likitocin motsa jiki. Kuɗin mota kaɗai ya ci rabin kayan rumfata. A hankali baki ya miƙe, na koma kasuwa da murna.

Ashe da sauran aiki.

Ranar kasuwar Kebbe, matar abokina Buba makiyayi ta zo sayen zane. Ta taya, na yi murmushi na ce albarka. Sai ta ajiye zanen ta juya. Ba a jima ba ga Buba, fuska a murtuke.

"Alhaji, mun daɗe tare. Mi munka yi maka za ka kashe ma iyalina ido cikin kasuwa?"

Na yi dariyar mamaki, idon ya ƙifta masa shi ma. Ya tafi bai yi sallama ba. A madubi na ga abin: duk sanda baki ya motsa don murmushi, ido sai ya rufe. Kunya ta hana ni cin abinci ranar.

Da na koma asibiti, likitar motsa jikin ta ce jijiyar da ta sake tsirowa ce ta ɓata hanya, ta baki ta bi ta ido, kuma an fi ganin haka ga manya. Zai ragu da atisaye gaban madubi, amma ba ta yi alkawarin zai tafi duka ba.

Na hau babur har rugar Buba. Na tsaya gaban saniyarsa na yi mata murmushi, idon ya ƙifta. Da Buba ya ga haka, sai ya ce, "Yafe mani, ban sani ba." Matarsa dai har yau aike take yi.

Alhamdu lillahi, ina ci, ina magana, ido na rufuwa. Na gode wa iyalina da ma'aikatan asibiti.

Wanda bakinsa ya karkace ya je asibiti ranar, musamman in ya manyanta. A kare ido kar ya bushe. A daina auna majinyaci da wani da ya warke.

Mata masu zuwa rumfata suna cewa Alhaji ya koyi girman kai, ba ya fara'a. Wallahi ina kewar yi muku murmushi. Mutuncina nake tsarewa.