Hannun Baraniko a Kwandon Takin Wani

A tsibirin Nonouti ba a tambayar mutum abin da yake zuba wa babai ɗinsa. Babai dai gwaza ce ta cikin rami mai ruwa, wadda in ta samu kula sai ƙarti biyu sun ɗauke ta. Kowane gindi ana saƙa masa kwando a cika da taki, kuma haɗin takin sirrin gida ne, uba ke faɗa wa ɗansa a kunne.

Baraniko bai samu wannan raɗar ba. Ƙuruciyarsa duk a jiragen ruwan Turawa ya ƙare ta, yana goge tsatsa. An aika masa cewa tsohonsa ba lafiya, ya ce sai an sauke kaya. Kafin ya iso an binne. Ya gaji ramin, mutane kuma suka ɗauka har da sirrin ya gada, shi ko bai ce musu a'a ba. In an yabi takin ubansa a zauren gari, sai ya gyara zama ya yi murmushi.

Ba abin da bai gwada ba. Ya ƙona ɓawon kwakwa ya daka gawayin, yadda malaman gona suka koyar. Ya zuba kan kifi da ruɓaɓɓen ganye. Har takin kanti ya sa aka kawo masa a ɓoye daga Tarawa, babban birnin ƙasar. Ganye kam ya yi faɗi, sai ka ce lema, amma in ya tura hannu cikin laka ya shafa gindin, abin kunya ne kawai.

Ga bikin 'yarsa Nei Aroita ya matso. Ranar za a jera babai ɗin gidan amarya a gaban dangin ango, kowa ya auna da ido. Uban angon kuwa Tekaai ne, mai ramin da ke maƙwabtaka da nasa, wanda babai ɗinsa ya fi na kowa a garin.

Ranar Lahadi da hantsi, jama'a na coci, Baraniko ya ce ciki ke damunsa. Ya zagaya ta bayan itatuwa ya gangara ramin Tekaai, ruwa har gwiwa. Dattijo da furfurarsa, ya cusa hannu cikin kwandon wani ya damƙo taki yana shinshinawa, yana tsintar ganyen ɗaya bayan ɗaya.

"Surukina, nan ne maganin cikin yake?"

Tekaai ne tsaye a bakin ramin da farar rigar coci. Baraniko ya so ƙasa ta tsage.

"Shinshina da kyau," in ji Tekaai, ya tsuguna. "Ba ka gane warin ba? Takin babanka ne."

"Kamar yaya na babana?"

"Da ya ga ba ka zo ba, ni ya kira. Ni, bare. Yana faɗa mini yana kuka. Ya ce in riƙe maka, amma kada in kai maka gida, sai ranar da ka zo ka tambaya da bakinka. Kullum muna gaisawa, kai sai ka ɗaga mini kai kamar kyaftin. Na ce to, bari mu gani."

Baraniko ya sunkuyar da kai. Ba kamun ne ya fi yi masa ciwo ba. Tsohon yake gani a kwance yana duban hanya, har ya haƙura ya kira ɗan wani gida.

Da kyar ya ce, "To, na tambaya."

"Zan faɗa maka yau ɗin nan, kayanka ne. Amma ka san babai, shekaru yake ci kafin ya cika. Ba zai riski bikin Aroita ba."

Ranar biki aka jera babai ɗin Baraniko a tsakar zaure, ƙanana, kowannensu yaro ma zai iya ɗauka da hannu ɗaya. Ba wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa ce kawai ta dube su ta dube shi, ta ce a hankali, "Allah ya ji ƙan babanka."