Zoɓon Mama a Gilashin Motar Kawu Sale

Ranar Juma'a ce, sha takwas ga Disamba, 2009, bayan la'asar kaɗan, ina tsugune a saman rufin gidanmu na unguwar Bin Omran, bayan tankin ruwa, da ƙullin zoɓo a hannuna mai sanyi har yana ɗiga. Shekarata sha ɗaya. Doha ta rikice da murnar Ranar Ƙasa: hon ta ko'ina, tuta a kowace taga, samari sun zuro rabin jikinsu ta saman motoci suna fesa wa juna kumfa daga gwangwani, yaran layinmu kuma suna jifan duk motar da ta gifta da balan-balan cike da ruwa. Kusa da ni Ihsan ce, 'yar maƙwabtanmu 'yan Sudan, tana leƙen titi tana gaya mini irin motar da ke tafe. Har yau in na tuna abin da ke cikin kaina a lokacin sai haushin kaina ya turnuƙe ni, domin ba hannu ne ya kufce ba. Dabara ce na zauna na ƙulla, har ina ganin duk unguwar babu yarinya mai basirata.

Gidan nan a takarda na iyali ɗaya ne, amma mai shi ya sa aka yayyanka shi da katako ya zuba mu gida huɗu, kicin ɗaya, tsakar gida kamar tafin hannu. Abba yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ya ɗauko mu daga Rano ina shekara takwas. Mama dai jikinta ne ya hau jirgi, zuciyarta ba ta taɓa yarda ta bar Rano ba. Ta jera bokitan fenti a gindin katanga ta shuka rama da alayyahu da barkono, ni ce mai tarar ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki in bi su ɗaya bayan ɗaya ina shayarwa. Da zafi ruwan famfo yakan fito kamar an sauke shi daga murhu, don haka tun yamma nake cika bahuna a bar su su huce kafin safiya. In na gama sai rufi. A can na koya wa Ihsan carafke da ƙwallon dabino, tun da tsakuwa mai kyau ba ta samuwa, muka zana 'yar gala-gala da fasasshen tayil tsakanin igiyoyin shanya, ita kuma ta koya mini Larabcin zagi wanda ba a koyarwa a makaranta.

Juma'a ita ce ranar wahalata. 'Yan gida da ke aiki a garin, masu gadi da direbobi da masu ɗaukar kaya a filin jirgi, in an sauko masallaci sai su biyo gidanmu su ci tuwon shinkafa da miyar kuka, su tafi da zoɓo a leda. Tun Alhamis Abba yake sayo busasshen zoɓon a kasuwar Abu Hamour, Mama ta dafa shi da citta da kanumfari da masoro, in tace, in zauna a kan tabarma ina ƙullawa har yatsuna su rine. Ƙullina daban yake: sau biyu nake zagayawa, in bar ɗan kunne kamar na zomo yadda mutum zai ja da haƙori ya buɗe. Abba kullum yana jan kunnenmu cewa kada mu yi surutun sana'ar nan a waje, don ba mu da takardar izinin sayar da abin sha, gidan ma kansa in hukuma ta leƙo kowa sai ya kwashe kayansa. Cikin masu zuwa akwai Kawu Sale, ƙanin Mama, direban gidan wani attajiri. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa Mama take ce mini Uwani, shi kuma ba ya kira na sai da Uwata. Ba ya shigowa hannu rabbana, ko alewa ce ko ribbon, kuma in ya zauna sai ya ce, "Uwata, a ba ɗa na hannunki, na Yaya sukari ya yi masa yawa," alhali duk daga tukunya ɗaya ake ɗiba.

Ba wai ba a gaya mana ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. A makaranta malama ta tsaya gaban aji ta ce kada wanda ya jefi mota da komai ranar biki, ko ruwa ko kumfa. Abba ya maimaita da safe yana ɗaura agogo. Da na roƙi Mama ta ba ni in sayo balan-balan a bakala, ɗan kantin bakin layi, ko ɗago kai ba ta yi ba daga tuƙin tuwo, ta ce, "Wanda bai ji bari ba ya ji hoho." Sai na kwashi ledojin ƙulli na cusa a hijabi, muka hau sama ni da Ihsan muna cika su a famfon tanki. Mun jefi motoci uku ko huɗu, ruwa ya fashe, masu motar suka yi hon suna dariya, shi ke nan. Ruwa ba ya barin alama, ni kuma so nake a san na yi wani abu. Ina kallon tutar da aka rataya a gidan da ke fuskantarmu sai na ga abin da nake tsammanin babu wanda ya taɓa gani: jan tutar ƙasar nan, mai duhu-duhun nan, sak launin zoɓon Mama ne. Ja da fari ke nan tutar. In na sami farar mota na fasa mata zoɓo, na yi wa ƙasa tuta. Na sauka a sace, na buɗe kula na zaro guda ɗaya.

Ina komawa sama na ji Mama tana ƙwala mini kira daga ƙasa, Uwani, Uwani, har sau uku. Na yi luf kamar ba na gidan. Daga baya na san abin da take kira na a kai. Kawu Sale bai sami zuwa cin tuwo ba ranar, an sa shi ya kai mahaifiyar kafil ɗinsa, wato attajirin da ya ɗauke shi aiki, ziyara, manyan tituna kuma sun cushe, sai ya bugo wa Mama ya ce zai yanko ta layinmu, a ba Uwata kwanonsa ta tsaya da shi a bakin ƙofa, ko tsayawa sosai ba sai ya yi ba. Da na amsa kiran nan, da a bakin ƙofa motar za ta same ni da kwano a hannu. Amma ina can sama, Ihsan tana zungura ta tana cewa, "Yalla, maza, ga fara nan." Farar jif ce babba, an liƙe gefenta da tutoci, irinta dubu a garin. Na miƙe, na saita, na saki.

A tsakiyar gilashin gaba ya fashe. Ban ga tuta ba. Abin da na gani shi ne ja ya wanke gilashin gaba ɗaya yana gangarowa, sai ƙarar birki, motar ta karkace ta haye dakalin gefen titi ta daki ƙarfen fitila, wata ƙaramar mota da ke biye ta zo ta daki bayanta. Layin nan cike yake da yara suna gudu da tutoci. Direban ya buɗe ƙofa ya faɗo, ba sauka ya yi ba, faɗowa ya yi, ya rarrafa da gwiwa a kan kwalta yana leƙa ƙarƙashin mota yana salati da ƙarfi, yana zura hannu bayan tayoyi yana lalube. Ɗan mutane yake nema. Ya ga ja a gilashi, ya ji ƙarar abu ya bugu, ya ɗauka yaro ya kaɗe. Muryar salatin na fara ganewa kafin fuska. Na yi shekaru ina roƙon Allah Ya cire mini hoton Kawu a durƙushe a titin nan, hularsa ta faɗi gefe, amma bai cire ba, kuma ina ganin haka ya fi dacewa da ni.

Da mutane suka ɗaga shi suka nuna masa babu kowa a ƙasa, sai ya sa yatsa ya shafi gilashin ya kai hanci. Citta da kanumfari. Duk Bin Omran gida ɗaya ake dafa zoɓo haka. Ya sunkuya ya tsinci wani abu a kan murfin inji ya sa a aljihu, sannan ya ɗaga kai ya dubi rufinmu, kallo ɗaya, ya kawar. Tsohuwar da ya ɗauko ta bugu a goshi, wuyan hannunta ya goce, tana ta faɗa da Larabci. 'Yan sanda suka zo suka tambaye shi daga ina aka yi jifan. Ƙofar gidanmu tana bayansu, taku goma bai kai ba. Ya ce bai gani ba. Ya san in ya nuna, za a shiga a tarar da kuloli cike da zoɓon sayarwa da ɗakunan katako, a tambayi Abba takardu, gida huɗu su kwana a titi, wataƙila mu a sa mu a jirgi. Sai ya bar maganar a kansa: direban da ya bar hanyar da aka sa shi, ya shigo lungu, ya jikkata uwar maigida.

Kafil ɗinsa bai kore shi ba, abin da ya yi ya fi kora. Ya karɓe makullin mota ya ce khalas, magana ta ƙare, ya tura shi izba, wato garkensa na raƙuma da awaki can bayan gari, ya ƙarasa sauran wa'adin kwangilarsa a can. A lokacin mutum ba ya canja wurin aiki sai da yardar kafil, don haka babu inda za shi. Kafin a tafi da shi ya zo sallama. Ni dai na maƙale a kicin ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Ya leƙo, ya kama hannuna ya buɗe, ya ajiye mini guntun leda, ƙulli biyu da kunnen zomo, ya naɗe yatsuna a kai. Ya ce a hankali, "Uwata, kin yar da kayanki a hanya." Ko tsawa bai yi mini ba. Wallahi da ya zaro belt ya zane ni da na fi samun sauƙi. Ya fita yana tsokanar Mama wai ta dinga aika masa da yaji, abincin makiyaya ba gishiri.

Mako uku na yi da abin nan a ƙirjina, ba na cin kirki, in na yi sujada sai in rasa bakin roƙo. Ranar da na kasa daurewa, Mama tana tsince shinkafa na zo na ajiye ƙullin a kan faifan. Ta dube shi, ta dube ni. Sannan ta ce, "Ke kika ƙi jin bari, ɗan'uwana ya ji hoho." Ba ta doke ni ba ita ma, mutanen gidanmu sun iya hukunci. Daga ranar ta daina zoɓon Juma'a, masu zuwa suka yi ta tambaya tana cewa bayanta ne ke ciwo. Kawu ya yi sama da shekara yana ba raƙuma ruwa a rana, ya dawo ya yi baƙi ya rame, ya koma Rano ba tare da gidan da ya zo nema ya gina ba. Bai sake tuƙi ba. Ya ce da ya riƙe sitiyari sai ya ga ja. Yanzu hatsi yake aunawa a kasuwa, a keke yake zuwa.

Yau ina Abu Hamour da mijina da yara biyu, a gidan da bangonsa na bulo ne. Duk shekara in biki ya matso saƙon hukuma yakan zo a waya: kada a fesa wa motoci komai, kada a yi jifa da ruwa, kada a leƙo da jiki ta taga. Duk shekara kuma sai matan zaurenmu na waya su fara, wai an takura wa yara, wai ruwa ne fa kawai, wai mu da muna yara wa ya hana mu. Ɗana na fari ma bana ya zumɓura baki ya ce, "Ummi, ruwa ai ba ya kashe mutum." Na rubuta amsa mai tsawo a zauren na goge, don wanda bai ga babban mutum yana rarrafe a kwalta yana neman gawar da babu ita ba, me zan gaya masa ya gane? Mai jifa yana ganin leda ne, direba kuwa daƙiƙa biyu yake yi ba ya ganin komai, kuma a cikin daƙiƙa biyun nan akwai ɗan wani a titi. Ina kewar rufin nan, da carafken dabino, da hayaniyar Juma'a, da muryar da ke cewa a ba ɗa na hannunki. Kawu, tun da na gaya masa tuta na so in yi ranar, har yanzu yana bugo mini duk Ranar Ƙasa, ya ce, "Uwata, an yi tuta bana?" ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, ni kuma in yi ta cewa ya yafe mini, ya ce tun a titin ya yafe. Ina dafa zoɓo har gobe, da citta da kanumfari, amma a gora nake zubawa. Hannuna bai ƙara ƙulla leda ba.