Majalisar Gindin Tsamiya da Shinkafar Babana

Wata safiyar Litinin cikin kakar 1965, ina tsaye kan ɗan gadon kara da muka ɗaura bisa sanduna a tsakiyar gonar shinkafar babana, ruwa na kwance a ƙarƙashina, sai na ji an kaɗa ƙarfen makarantarmu daga can kan tudu. A daidai lokacin ne kuma jan baki suka taso daga duhuwar bakin kogi, baƙi ƙirin kamar hadari, suka nufo mu. Ƙanena Sale yana kan nasa gadon a ɗaya gefen gonar, ya juyo ya dube ni da majaujawa a hannu, ni kuwa na yi kamar ban gan shi ba. Na fizgi igiyar da muka rataya wa gwangwanaye, na ware murya ina ihu, shi ma dole ya shiga jifa da curin laka. Ba mu sauka ba sai da hantsi ya dubi ludayi, tsuntsayen suka koma inuwa. Muka keta ruwa da gudu, muka isa makaranta ƙafafu duk taɓo, muka tarar da hedimasta, Malam Bako, tsaye a bakin ƙofa da tsumagiya. Sale ya fara sha, yana ɗan aji ɗaya, har ya saki fitsari. Ni ma na miƙa tafin hannu na karɓi rabona, ina cije leɓe don kada 'yan aji su ga hawayena, domin a wannan zangon ni ce Firayim Ministar makarantar.

Wanda bai tashi a fadama ba ba zai san jan baki ba. Ɗan mitsitsin tsuntsu ne, bai kai cikin tafin hannu ba, amma ba ya zuwa shi kaɗai. Idan shinkafa ta fitar da kai, ƙwayarta tana ruwa-ruwa kamar nono, to lokacinsu ya yi, kuma da sanyin safiya da sanyin yamma suke sauka. In suka sami gona babu mai tsaro, kafin ka ce kwabo sun tsotse ta, sun bar maka kara a tsaye. Ƙauyenmu yana gabas da Haɗeja ta wajen Guri, kuma a can korar tsuntsu aikin yara ne tun kaka da kakanni, saboda manya suna wajen kamun kifi ko suna yankan gero a tudu. A wannan shekarar kurkunu ya kwantar da Baba, ƙafarsa ta kumbura suntum, kullum yana zaune a zaure yana naɗe tsutsar a ɗan tsinke kaɗan-kaɗan. Inna kuma tana jego. Saboda haka abincin gidanmu na shekara guda yana hannuna da na Sale. Mun kuma san abin da ake ci idan shinkafa ta ƙi, don mun taɓa cin sa: 'ya'yan bado ake shiga tafki a tsinko, a shanya, a daka, a yi tuwon da ba ya riƙe ciki.

Malam Bako ba mugu ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Mutumin birnin Kano ne, dogo, mai tsabta, wanda ko a damina ba ka ganin laka a takalminsa. Abu biyu yake so a duniya: ɗalibansa su ci jarrabawa, da kuma rediyonsa mai ƙaton batir, wanda yake lulluɓewa da ƙyalle kamar jariri. Duk lokacin da majalisar Ikko take zama, sai ya saurari labarin, washegari ya zo ya fesa mana shi a aji. Ya fi son ba mu labarin Firayim Minista. Yakan ce aikinsa ba zaman kujera ba ne kawai, shi ne mai kawo manyan shawarwarin gwamnati gaban wakilai, shi ne mai tashi ya amsa tambaya ko daga bakin wa ta fito, kuma in 'yan hamayya suka yi masa ca, sai ya jira su gama, sannan ya ba su amsa ba tare da ɗaga murya ba. Son abin ya kai shi har ya kafa mana tamu majalisar. Kowace Alhamis bayan tara, sai a fitar da bencina gindin tsamiyar da ke tsakar makaranta, a jera su sahu biyu suna fuskantar juna, shi kuma ya zauna a tsakiya a matsayin shugaban majalisa, da rula a hannu yana buga tebur. Tun ranar farko ya kafa mana doka da bakinsa: "Abin da aka faɗa a majalisa, ba a dukan mutum a kansa a waje."

Yadda na zama Firayim Minista kuwa, rabinsa tsokana ce. Mu 'yan mata ba mu fi a ƙirga da yatsu ba a makarantar, amma ni bakina ya riga ya yi suna, har Inna takan ce da ana sayar da baki da tuni ta huta da talauci. Samarin aji huɗu suka rabu biyu a kan wanda za a zaɓa, sai wani ya ambaci sunana don a yi dariya, ƙananan yara kuwa suka ɗaga hannu da gaske. Malam ya yi murmushi, ya ce ai akwai wata ƙasa can gabas da mace ta taɓa riƙe wannan muƙami, don haka babu laifi. To, wanda ya ba ni wasa, da gaske na karɓa. Ni na kawo shawarar a raba cika randa tsakanin maza da mata, aka yi ta kai ruwa rana, ta wuce. Ni na ƙwato mana filin gaɗa daga hannun 'yan langa. Shugaban 'yan hamayya shi ne Garba, ɗan mai kantin garinmu, yaro mai ƙiba da saurin hadda, wanda gidansu ba a noma shinkafa. Duk abin da na ce fari, aikinsa ne ya ce baƙi, kuma yana yinsa da zuciya ɗaya.

Ranar Talata, washegarin dukan, Malam ya kira mu ofis ni da Garba. Ya ce latti ya yi yawa, kuma ba ya son a ce shi kaɗai ke hukunci, yana so majalisa da kanta ta yi doka. Ni zan kawo shawarar a ninka bulalar mai latti, Garba kuma ya tashi ya roƙa wa masu latti sassauci, sannan a kaɗa ƙuri'a gwamnati ta yi rinjaye. Ya biya wa kowannenmu jawabinsa, muna maimaitawa kamar karatun allo har muka haddace. Da Garba ya fita, sai ya tsayar da ni. Ya tuna mini cewa a ƙarshen shekara shi ne zai zaɓi waɗanda za su tafi babbar firamare ta kwana a Haɗeja, ya ce a ransa ni ce ta farko, amma ba zai tura mai latti ba, ba kuma zai tura mai taurin kai ba. Wallahi ina son Haɗeja. Ban taɓa zuwa ba, amma na ji labarin gadajen ƙarfe da fararen riguna, na kuma riga na ga kaina a cikinsu.

Da na koma gida na ba da labari, Inna tana shayar da jaririya ta ce in faɗi abin da aka ce in faɗa in rufa wa kaina asiri, ta ƙara da cewa, "Baki shi ke yanka wuya." Na tambaye ta, in an ninka bulala, wa zai iya tsayar da Sale a gona bayan an kaɗa ƙarfe? Ta ci gaba da shayar da jaririyarta. Baba yana jinmu daga zaure, bai sa baki ba sai da na kai masa ruwan alwala. Bai ce in yi ba, bai ce in bari ba. Cewa kawai ya yi shi dai ba zai iya taka ƙafar nan ba kafin yanka, ya kuwa faɗe ta yana kallon ƙasa. Ban taɓa ganin babana da kunya irin ta ranar ba, kuma abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Ranar Alhamis aka jera bencina. Malam ya buga rula, ya ce Firayim Minista tana da magana. Na miƙe, na fara da gaisuwar da ya koya mini, yana gyaɗa kai. Daga nan na saki hanyarsa na kama tawa. Na ce, "Ya shugaba, gwamnati ta kawo shawarar daga yau har a yanke shinkafa, kada a kaɗa ƙarfe sai hantsi ya ɗaga. Jan baki ba su san ƙarfe ba. In mun zo da wuri, bana bado za mu ci." Na ci gaba ina kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya, gidan da uba ke kwance, gidan da tsohuwa ce kaɗai da jikoki, duk wanda na ambaci gidansu sai ya sunkuyar da kai. Ban ɗaga murya ba, tunda an ce haka na Ikko yake yi. Da na zauna, Malam ya ƙura mini ido, sannan ya juya ya ce shugaban hamayya ya ba da amsa.

Allah sarki Garba. Ya miƙe yana zare ido, ya dubi Malam, ya dube ni, babu abin da ke kansa sai abin da ya haddace. Sai kawai ya kwararo shi tiryan-tiryan: a ji tausayin masu latti, ba da gangan suke yi ba, iyayensu ne ke sa su aiki, bulala ba ta gyara komai. Kalmomin Malam ne da kansa, ga su suna mara mini baya a gaban kowa. Dariya ta ɓarke a bencin baya. Ban jira ba, na tashi na ce tunda gwamnati da hamayya bakinsu ya zo ɗaya, a kaɗa ƙuri'a. Doka ce, dole Malam ya yarda. Ya ce wanda ya amince ya miƙe, sai makarantar gaba ɗaya ta miƙe, har da Garba, wanda dama bai zauna ba.

Malam ya ajiye rular, ya ce an rushe majalisa, kuma ba za ta sake zama ba, a mayar da bencina aji. Bai taɓa ni ba, ko da yatsa, wannan kam ya cika alkawarinsa. Washegari aka kaɗa ƙarfe a lokacin da aka saba. Daga kan gadona na hango gonakin da ke kewaye, kowane yaro yana kan nasa gadon, babu wanda ya motsa. Da hantsi ya ɗaga muka haɗu a bakin ruwa, muka taho sahu guda, ni a gaba, don in dukan ne ya fara ta kaina. Yana tsaye da tsumagiyarsa. Ya dubi tsawon sahun, ya dubi Sale da ke riƙe da bakin zanena, ya matsa gefe ya ce mu shige. Bai taɓa cewa ya amince da dokarmu ba. Shi ya ci gaba da kaɗa ƙarfensa a lokacinsa, mu muka ci gaba da zuwa a namu, har aka yi yanka.

Shinkafarmu ta tsira. Maƙwabta suka taya mu yanka da bugu, aka ɗauko ta a kwale-kwale, Baba ya dogara sanda ya fito ƙofar gida yana kallo ana zuba ta a rumbu. Da shekara ta ƙare aka kira sunayen masu tafiya Haɗeja, maza uku, har da Garba, babu ni. Ranar da motar ta zo ɗaukarsu na tsaya a bakin hanya na ɗaga musu hannu kamar ba komai, sannan na zagaya bayan rumbun nan na yi kuka har na gode Allah. Inna ta same ni a wurin, ba ta ce ai na faɗa miki ba, ta dai zauna kusa da ni. Ba da jimawa ba ita ma majalisar Ikko aka rufe ta, Malam ya daina kawo mana labari, ya zama mutum mai yawan shiru. Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya. Da shi na yi ɗinki, da shi na koya wa matan garinmu karatu da rubutu shekara da shekaru.

Yanzu ruwan ba ya zuwa yadda muka san shi, ciyawa ta toshe hanyoyinsa, jan baki kuwa suna nan, sun ma ƙaru. Tsamiyar ta faɗi, an gina azuzuwa a gurbinta. Jikokina sukan kunna mini zaman majalisa a talabijin, su yi ta dariya in suka ga na matso da kujera. Ni abu ɗaya nake dubawa idan babba ya miƙe zai yi magana: abin da aka biya masa ne zai faɗa, ko abin da ya baro a gida? Wani lokaci sukan tambaye ni ko na yi da-na-sani, su ce da yanzu wata ce ni. Nakan yi kewar makarantar da ban je ba, har gobe, ba zan ɓoye ba. Amma a shekarar nan babu wanda ya ci bado a gidanmu, kuma da za a sake jera bencinan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.