Littafi na Goma a Akwatin Kawu

Jiya na buɗe wata tsohuwar jaka, ƙamshin busasshen ganyen darbejiya ya bugi hancina, na zauna a bakin gado na kasa ci gaba da abin da nake yi. Da wannan ganye Kawuna yake kare littattafansa daga gara da kyankyasai.

A Rano aka haife ni, amma duk hutu mahaifiyata takan tura ni gidansu a Kibiya. Yayanta, wato Kawu, tsohon malamin firamare ne. Yana da koren akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da littattafan tarihi da na kimiyya da aka rubuta don yara, sun haura talatin. Kowanne ya yi masa bango da takardar buhun siminti, ya manne da ƙaro, ya rubuta lamba kawai da jan biro. Yakan ce yaro da hoton bango yake zaɓen littafi, shi ya sa yake rufewa.

Tsarinsa ba ya sauyawa: tarihi ɗaya, kimiyya ɗaya. Ba zai ba ka na gaba ba sai ka zauna gabansa bayan la'asar ka ba shi labarin wanda ka gama. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, a gabansa kaɗai bakina yake buɗewa. Littafi na ɗaya a kan garuruwa masu ganuwa ne; da na koma Rano na bi kufan ganuwarmu ina kallonta kamar ban taɓa ganinta ba. Na biyu ya sa muka shuka wake a gwangwanin madara, ina auna tsiron da tsinke kowace safiya.

Kakata takan leƙo ta ce, "Maigida, wannan karatun zai cika mini rumbu? Mazan wasu suna gona, nawa yana shinshinar takarda."

A hutun damina na gama na tara. Shekarar an yi husufi, yara suka yi ta dukan gwangwanaye a unguwa. Na tambayi Kawu abin da yake kama wata. Ya ce, "Amsarka tana cikin na goma. Bari sai hutu mai zuwa, ba gudu zai yi ba."

Kafin a yanke dawa Allah ya yi masa rasuwa.

Ranar rabon gado ina zaune a lungun zaure. Malamin makarantar allo ya ware littattafan addini, 'ya'yan Kawu suka raba. Aka jawo koren akwatin, ba wanda ya miƙa hannu. Babban ɗan Kawu, wanda abokin wasana ne, ya dube ni ya ce, "Kai ɓeran takarda, ga abincinka. Kana so?"

Ka san yadda aka rene mu. Mahaifiyata ta koya mini ba a karɓar abu a tayin farko, balle kayan mamaci, balle a gaban manya. Za ka ce a'a, in da gaske ake za a sake tayi. Na sunkuyar da kai na ce, "A'a Yaya, na gode." Na zauna ina jiran tayi na biyu. Sai wani dattijo ya ɗauko maganar gonar fadama, aka ture akwatin gefe da ƙafa.

Da hutu ya zagayo, ranar kasuwar Kibiya Kaka ta aike ni sayen ƙosai wurin wata maƙwabciya. Ta naɗe mini a takarda. A hanya na lura da zane a jiki: rana, duniya da wata a jere, da layin jan biro a ƙarƙashin rabin jimla. Mai ya jiƙa sauran, ba ya karantuwa. Na koma na tambaye ta.

"Matan gidanku suka ba ni littattafan, suna son akwatin don zuba kaya," ta ce. "Takardar akwai kauri, ba ta yoyo. Wannan ce ma ta ƙarshe."

Da na kai ƙosan, Kaka ta tambayi abin da ya sa idona ya yi ja. Na ce hayaƙi ne.

Yau ina koyarwa a Rano. Yara sun fi mu baki, kuma abin da suke nema suna samu a wayar iyayensu. Wani lokaci uba yakan tare ni ya ce in gaya masa littattafan da suka dace da ɗansa. Tara kaɗai zan iya ba da labarinsu, su ma ban san sunayensu ba, don ban taɓa ɓamɓare bangon da Kawu ya manna ba. Na bi masu sayar da tsofaffin littattafai a Kano, na gane uku ta hotunan ciki. Abin da ya tanadar mini daga na goma zuwa sama, ya tafi da shi.

Abu ɗaya na iya gyarawa. Idan na miƙa wa yaro littafi ya sunkuyar da kai ya ce a'a, ba na janye hannuna. Nakan sake tayi, har sau uku.